Ciwon da Abdulbaƙi Ya Ɗora wa Ɗan'uwansa

Abdulbaƙi ɗan Gumel saurayi ne mai kyau da iya sa hula, amma Allah Ya jarrabe shi da abu ɗaya: in aka yabi Siddiƙ, abinci ba ya wuce masa a wuya. Siddiƙ kuwa ɗan ƙanin mahaifinsa ne. Gida ɗaya suka tashi, tare kuma suka shiga jami'a karatun ilimin halayyar ɗan'adam.

Karatun nan rassa gare shi. Akwai na yadda hankalin yaro ke girma, akwai na yadda mutum ke sauyawa in ya shiga taro, akwai na ƙwaƙwalwa da mantuwa, ga kuma ƙididdiga, wadda ta kayar da Abdulbaƙi sai da ya maimaita. Siddiƙ duk ya haye. In sun zo hutu, mata na kawo masa yaran da suka yi jinkirin magana, tsofaffi na ce masa Likita. Abdulbaƙi fa, da shaddarsa da agogonsa? Sai dai a tare shi a ce, "Ina ɗan'uwan naka?" Wannan ai zalunci ne, jama'a!

Abu biyu kawai ke sanyaya masa rai. An sa masa rana da Naja'atu, 'yar Alhaji Ya'u na Gagarawa. Sannan ya haddace reshen taɓin hankali tsaf, don nan ne manyan kalmomin firgita mutane suke.

A shekarar ƙarshe Siddiƙ ya nemi auren Lauratu, 'yar Maigatari. Kamar yadda aka saba, danginta suka turo kawunta, Malam Ilu dillalin shanu, ya yi bincike a asirce. Ya tarar da Abdulbaƙi a ƙofar gida.

"Samari, kai ne ɗan'uwansa, kuma an ce fanninku ɗaya. Yaya yaron yake?"

Abdulbaƙi ya gyara zama, ya yi ajiyar zuciya irin ta masana. "Baba, yaron kirki ne. Sai dai... a'a, bari kawai."

"Faɗa mini, don Allah. 'Ya za mu bayar."

"Yakan zauna a tasha wuni guda yana kallon mutane, ba uffan. A ɗaki kuma sai ka ji yana magana shi kaɗai." Ya ɗora da wani dogon suna na Turanci.

Zaman tashar nan aikin makaranta ne aka ba su, maganar ɗakin kuma hadda ce. Abdulbaƙi ya sani sarai.

Malam Ilu ya dafe ƙirji. "Yana warkewa kuwa?"

Daɗin ganin dattijo ya firgita ya kwashe Abdulbaƙi. "Ina! A aji aka koya mana, Baba. Irin wannan a jini yake, dangi yake bi."

Ranar kasuwar Maigatari, Malam Ilu ya zauna a kara, wurin cinikin shanu, cikin abokan cinikinsa ya fesa labarin, har da sunan gidan. Cikin masu saurare akwai Alhaji Ya'u, wanda ya kawo bijimi sayarwa. Kafin Juma'a ta zagayo, an dawo wa gidan su Abdulbaƙi da kayan sa rana.

Abdulbaƙi ya hau babur ya nufi Gagarawa, hular ma a gida ya baro ta. Ya durƙusa gaban Alhaji.

"Baba, wallahi lafiyar Siddiƙ ƙalau! Ni na ƙirƙira."

Alhaji Ya'u ya dube shi. "To, yaro. In gaskiya ka faɗa wa Ilu, jininku ɗaya da shi. In kuwa ƙarya ce, wanda ya yi wa ɗan'uwansa haka, me zai yi wa 'yata ranar da ta fi shi da wani abu? Tashi ka je."

Dangin Lauratu suka sake bincike wurin limamin unguwa da abokan karatu, gaskiya ta fito, aka ɗaura aure. Abdulbaƙi aka miƙa wa tiren dabino ya raba, kowa na karɓa yana cewa, "Allah Ya sanya alheri, ɗan'uwan Likita."

Darasi: ilimin sanin zukatan mutane amana ce da ake koya don a taimaki masu rauni, ba don a liƙa wa masu lafiya ciwo ba. Wanda hassada ta sa ya ɓata sunan ɗan'uwansa, ya tuna cewa sunan gidansu yake ɓatawa, kuma shi ma a gidan yake kwana. Kafin ka karanta zuciyar wani, fara duba abin da ke cin taka.