Rakiyar da Hanji Ya Yi wa Kunu

Dalilin da ya sa hanji yake a nannaɗe, yara, ku matso ku ji.

A da can Hanji gajere ne, miƙaƙƙe kamar kara. Abinci kuwa baƙo ne mai gaggawa. Ya shigo ta baki, ya ɗan zauna wurin Tumbi, ya wuce Hanji da jakar tsarabarsa a ɗaure. Ɗan abin da ya zube a hanya, shi jiki ke samu.

To, akwai wata maijego, Tabawa. Kunun kanwa take sha ƙwarya guda, amma nono ya ƙi zuwa. Jaririyarta ta yi kuka har murya ta dushe. Hanjin Tabawa yana ji daga ciki, tausayi ya hana shi sakat, don watanni suka yi suna maƙwabtaka da yarinyar.

Jini, mai kai saƙo gida-gida, ya zo ya ce, "Yaya, Nono ya aiko ni. Me zan kai?"

Hanji ya ce, "Jira ni."

Ya san halin baƙo: in ka raka shi, kunya ba ta barinsa ya sallame ka hannu wofi. Da Kunu ya zo wucewa sai Hanji ya ce, "Malam, bari in taka maka."

Suka ɗan taɓa tafiya, Kunu ya ce, "Koma haka nan, na gode." Ya kwance jaka ya ba shi ɗan abu. Hanji ya miƙa wa Jini ta baya, ya ce wa Kunu, "Haba, ɗan gaba kaɗan."

Hanya fa ta ƙare. Sai Hanji ya ja jikinsa, yana jin zafi, ya ƙara tsawo. Wuri ya yi masa kaɗan, ya lanƙwashe. Kowace kwana Kunu ya yi sallama ya sake ba da wani abu, har jaka ta koma dusa zalla.

Nono ya kawo. Da Hanji ya zo komawa yadda yake, abin ya gagara, ya sirance ya cukurkuɗe.

Tumbi ya ce, "Dubi yadda ka mai da kanka."

Hanji ya ce, "Bar ni haka. Ba ka ji jaririyar ta yi shiru ba?"

Shi ya sa har yau hanji yake a nannaɗe, yana karɓar amfanin abinci kaɗan-kaɗan yana ba jini. In cikinku ya yi ƙugi bayan kun ci, kada ku ji kunya. Hanji ne yake ce wa baƙo, ɗan gaba kaɗan.