Kek Arba'in da Bakwai na Zumata

Akwai wani mai gina shafukan intanet da ake kira Walƙiya, saboda saurin hannunsa. Teburinsa na manne da na Sannu-sannu, wanda in ya yi gyara a rumbun bayanai ba ya tashi sai ya duba lambar da ke fitowa a ƙasa, ya ga layi nawa gyaran ya taɓa.

"Kafin ka gama ƙirge-ƙirgenka na sha shayi na dawo," haka Walƙiya ke tsokanarsa kullum.

Walƙiya ne ya gina wa yayarsa shafin shagonta na kek. Kowace oda layinta guda a rumbun bayanan shagon, har da rubutun da za a zana a kan kek ɗin.

Wata rana ya ɓata wa matarsa rai, ta ɗauke masa wuta. Ya yi odar kek na ban haƙuri, daga baya ya ga rubutun ba armashi. Maimakon ya kira Yaya, sai ya shiga rumbun da kansa, ya canza shi zuwa "Ki yafe ni, Zumata." Garin sauri ya manta bai sa lambar odarsa ba, sai gyaran ya hau kan odar kowa.

"Ka duba layi nawa?" Sannu-sannu ya tambaya.

"Bai nuna kuskure ba, malam. Ya wuce!"

Ya wuce kuwa. Ma'aikatan shago abin da allo ya nuna suke zanawa.

Washegari waya ta yi ƙara. Yaya ce.

"Kai! Me ka yi mini? Hedimasta mai ritaya an kai masa kek wai ya yafe, shi Zuma ne! Kek arba'in da bakwai!"

Walƙiya ya juya wajen Sannu-sannu. Sannu-sannu bai ce "na faɗa maka" ba. Kujera ya jawo, suka maido da rubutun kowa daga ajiyar bayanan jiya, ya nuna masa lambar da ke ƙasa da yatsa. Sauran yinin a shago Walƙiya ya yi shi, yana kankare kirim da cokali, Yaya na tsaye a kansa.

Da yamma ya miƙa wa matarsa kek. Ashe ƙawayenta uku sun riga sun turo mata hoton nasu kek ɗin mai rubutu iri ɗaya.

"Ashe zumar taka da yawa a gari," ta ce, dariya ta ƙwace mata. "Miƙo wuƙa. Na yafe, ni da hedimasta."

Darasi: Sauri kan haifi nawa. Kafin ka ce aiki ya yi, duba layi nawa ka taɓa, kuma kada ka raina mai natsuwa. Ku tura wa Walƙiyar da kuka sani.