Na'urar Usto Nazrullo Ba Ta Yi Ƙara Ba

Akwai wani dattijo a kamfaninmu na wuta a nan Tajikistan, Usto Nazrullo. Shekara talatin yana hawa turakun lantarki, kuma taurin kansa ya ishi kowa.

Duk layukan da ya sani na wuta mai kai-komo ne. Da aka ja sabon layi daga madatsar ruwa zuwa birane masu nisa, sai aka sa wa layin wuta mai tafiya sak, don ita ba ta zubewa sosai a doguwar hanya. Aka turo injiniya Mehrangez ta koyar da ma'aikata. Sau uku tana kiran Usto ya zo aji, sau uku yana zaune yana shan shayi.

"'Yata, wuta ai wuta ce. Ina kama waya tun ba a haife ki ba."

Ran nan aka kashe layin don gyara. Usto ya hau turke, ya kara 'yar na'urarsa da ke ƙara in akwai wuta. Shiru. Ya miƙa hannu.

"Usto, tsaya! Kar ka taɓa!" Mehrangez ta ƙwala ihu daga ƙasa.

"Ke, kin dame ni! Na'ura ta ce babu."

"Mai kai-komo kaɗai na'urarka take ji, Baba. Wannan kuwa ko an kashe, tana kwance a cikin waya. Don girman Allah ka sauko!"

Ya yi tsaki, bai motsa ba. Wallahi haushi kamar ya kashe mu. Kowa ya san ita ke da gaskiya, amma wa zai tsawata wa mai furfura?

Sai ta ɗauki sandar da ake sauke wuta ƙasa da ita, ta hau da kanta, ta ce, "To bari wannan ta riga ka."

Tana karawa, tau! Wuta ta yi tartsatsi, bakin ƙarfen ya ƙone ƙurmus.

Usto ya sauko ya zauna daɓas, yana kallon tafin hannunsa. Can ya ce, "Jikata aka haifa jiya, ko ganinta ban yi ba. 'Yata, ƙarfe nawa ne ajin naki?"

Darasi: Daɗewa a kan aiki ba ya nufin ka gama sani. In na ƙasa da kai ya ce tsaya, ka tsaya ka ji dalili. Ku tura wa duk mai taurin kan da kuke so ya daɗe a duniya.