Faifan da Nomau Ya Ƙi Sayarwa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan kama sunansa ba, don in na kama yanzu wani zai miƙe ya ce kakansa ne. Sunansa Nomau. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, ko a sallar Juma'a ba a taɓa matsa masa ya shiga sahun gaba ba. Sana'arsa gyaran rediyo da garmaho, a wata 'yar rumfa bakin kasuwa, jikin rumfar wata tsohuwa mai sayar da daddawa.

Ku yaran da kuka buɗe ido kuka ga waya a hannu, bari in gaya muku garmaho. Akwati ne. Ana ɗora masa wani baƙin faifai, faifan ya riƙa juyawa, a sauke allura a kansa, sai murya ta fito. Kuma kada wani ya fita daga nan ya ce yau Malam wa'azin kiɗa ya yi. Wa'azin gaskiya nake yi, kiɗan ratse ne.

Nomau irin mutanen nan ne da gaskiyarsu kan ba mutane haushi. In ya kwance rediyonka ya ɗaura, noti ɗaya ya yi saura, ba ya jefa shi a gwangwani kamar yadda wasu ke yi. Sai ya ƙulle shi a takarda, ya bi ka da shi har gida, ya ce, “Ga naka, ban san inda ya fito ba.”

To, ana nan sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Ku saurara, nan ne maganar take. Mai gyaran da ba ya ganin noti, me ya rage masa? Ya fara haɗa waya inda ba nan ba, rediyon wani ya yi hayaƙi a hannunsa, masu kawo gyara suka fara janyewa. Ya je asibitin birni, likita ya ce aiki za a yi a cire yanar, kuma kuɗin aikin ya kai kuɗin bijimin sa guda. Nomau kuwa ko akuya ba shi da ita. Ya dawo gida yana tsoron ranar da zai wayi gari bai ga ko tafin hannunsa ba.

A rumfar nan yana da faifai ɗaya nasa na kansa, waƙar noma ce ta wani makaɗi da ya daɗe da rasuwa. Mahaifinsa ne ya fara sayen ta, bugun farko, tun Nomau yana rarrafe. Wannan na farkon ya fashe ranar da wani baƙo mai ƙiba ya zauna a kansa, kwalinsa kaɗai ya tsira. Bayan shekaru masu yawa kamfani ya sake buga waƙar, Nomau ya sayi sabon, ya zura shi a tsohon kwalin don tunawa da ubansa. Kullum sai ya sa shi, har allura ta ƙarje shi, ƙura ta shige shi.

A garin kuma akwai wani dillalin fata, Alhaji Korau. Allah ya ba shi dukiya, ya kuma jarrabe shi da son tara faifai, amma bugun farko kawai. Waƙa ɗaya, murya ɗaya, ganga ɗaya, amma in ka miƙa masa bugu na biyu kamar ka miƙa masa mushe. Yana da wani gilashi mai ƙara girman rubutu a aljihu, sai dai ba ya fito da shi, don yana alfahari cewa hancinsa ya ishe shi. Shinshinawa yake yi. Ya ce tsohon faifai warinsa daban ne.

Ranar wata kasuwa da hantsi, Alhaji ya kawo garmahonsa gyara, 'yan kanzaginsa uku na biye. Idonsa ya faɗa kan tsohon kwalin nan. Ya ɗauka, ya zaro faifan, ya kai hanci, ya ja numfashi, ya lumshe ido.

“Allahu akbar! Shekara ashirin ina neman wannan. Malam Nomau, sallama mini, in ba ka tunkiya.”

Nomau ya ce, “Ranka ya daɗe, bugu na biyu ne. Kwalin ne kawai tsoho.”

Alhaji ya dubi mutanensa ya fashe da dariya. “Kun ji ɗan kasuwa! Wani in zai ƙi tayi sai ya ce albarka, shi kuwa sai ya kushe kayansa don in bar masa. To, rago biyu.”

“Alhaji, da hannuna na saye shi shekara bakwai da suka wuce. Kuɗinsa bai kai na kaza ba.”

“Wannan warin fa? Warin shekara arba'in ne.”

“Daddawar Iya ce, ranka ya daɗe. Ga ta nan jikin zana.”

“Ƙarcen nan fa?”

“Ni na yi shi, da yawan ji.”

Jama'a, kun taɓa ganin ciniki irin wannan? Tun da aka kafa kasuwa, mai kaya ke yabo, mai saye ke kushewa. Ranar nan sai abu ya juya. Mai kaya na rantsuwa kayansa ba su da daraja, mai saye na rantsuwa suna da ita. Duk gaskiyar da Nomau ya faɗa, sai Alhaji ya ƙara dabba ɗaya. Mutane suka bar sayayya suka taru, har mai nama ya zo da wuƙarsa a hannu.

Can Alhaji ya buga ƙafa ya ce, “Bijimi! Bijimin sa mai tozo. Na san kana neman na aikin ido, garin nan ba a ɓoye komai. Je ka yi shawara, gobe da hantsi zan zo da shi.”

Nomau ya koma gida bayan la'asar, ya tarar labari ya riga shi. Matarsa Kuluwa na zaune tana tsince shinkafa, ko sannu da zuwa ba ta bari ya gama amsawa ba.

“Malam, ka ce masa bugu na biyu ne?”

“Na ce.”

“Sau nawa?”

“Ya fi uku.”

“A gaban shaidu?”

“Kasuwa guda.”

“To me ya rage? Ka sauke nauyi. Mutum da kuɗinsa da hancinsa ya ce ya gani yana so. Kai ka haife shi? Allah ya jefo maka ido har rumfa, ka ce sai ka yi gardama da shi?”

Ku saurara da kyau. Maganar Kuluwa ba ta banza ba ce. Da yawanku a nan da ita za ku tsaya, ni ma da aka fara ba ni labarin sai da na gyara zama. Shaiɗan ba kullum yake zuwa da ƙaho ba, wani lokacin da fatawa yake zuwa.

Nomau ya zauna kusa da ita. Sannan ya ce, “Kuluwa, na faɗa, amma bai ji ba. Shi a ransa wayo nake yi masa. Kuma akwai abin da ban nuna masa ba. Kusa da ramin tsakiyar faifan akwai ɗan rubutu ƙanƙane, shekarar da aka buga shi. Ina sane da shi tun da safe, na yi shiru, don raina ya fara biya wa bijimin nan.”

Ta ce, “To ci gaba da shirun mana!”

Ya ce, “Sai a buɗe mini ido da haram, in riƙa kallon me da shi?”

Washegari da hantsi ga bijimi, fari tas, ana jan sa da igiya, rabin gari na biye. Nomau ya fito ya shafa tozonsa. Ba zan yi muku ƙarya ba, ya so bijimin nan. Ya so shi har hawaye ya taru masa, don ya san idonsa ne tsaye a gabansa da ƙafa huɗu.

Ya ce, “Alhaji, shigo daga ciki, ina da magana tsakanina da kai.” Ya so ya rufa masa asiri ne.

Alhaji ya ce, “Wane ciki? Faɗi a gaban jama'a, kowa ya shaida hancin Korau.”

Nomau ya ce to. Ya ɗauko faifan, ya lalubi wurin da farcensa, don shi ba ya ganinsa. Ya kamo yatsan Alhaji ya ɗora a kai. “Fito da gilashinka ka karanta nan.”

Alhaji ya fito da gilashi yana murmushi, ya duƙa. Murmushin ya tafi. Ya goge gilashin da bakin riga, ya sake duƙawa. Shekarar da ya gani ita ce shekarar da shi kansa ya sauke farali, shekara bakwai cif. Kasuwa ta yi tsit. Sai bijimin ya yi wani dogon kuka, mai nama ya kasa riƙe dariya, kowa ya ɗauka.

Kuna tsammanin Alhaji ya rungume shi ya ce ga bijimin kyauta? Ina! Wannan sai a tatsuniya. Ya ajiye faifan, ya sa aka juya da sa, ya kwashe garmahonsa ba a gyara ba, yana cewa Nomau ya tozarta shi a bainar jama'a. Kasuwa kuma ta sa wa Nomau suna wawan rumfa. Kuluwa ta yi mako guda ba ta ce masa komai ba sai “ga tuwo”.

Wata huɗu aka yi. Wata huɗu, jama'a! Ido ya ƙara rufewa, Nomau ya rufe rumfa, ya koma zaure yana tufkar igiya da lalube. Ba wanda ya yi masa alkawarin komai. Wata rana yakan yi kuka, amma ba a taɓa jin ya ce da na sani ba.

Shi kuwa Alhaji, ƙaya ta shige shi. Faifai ɗari uku ne a ɗakinsa, duk da hanci ya saye su. In hanci ya yi ƙarya sau ɗaya, sau nawa ya yi? Ya ɗauki gilashi ya duba da kansa, sai ya tarar kowane kamfani da irin alamarsa, wani shekara, wani tauraro, wani 'yan lambobi, bai gane komai ba. Sai ya yi dabara. Ya aika birni aka sayo masa sabon faifai fil, ya shafa masa ƙasa, ya kira dillalan da ke kawo masa kaya, su uku, ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya rantse bugun farko ne. Na biyu ya ce a gabansa aka buga shi. Na uku har da ƙwalla, wai ya tuna masa da kakarsa.

Rannan Nomau na zaure sai ya ji sallama, ya ji an zauna da ƙarfi a tabarma.

“Malam Nomau, ni ne Korau. Har yanzu ina jin haushinka.”

“Allah ya huci zuciyarka, Alhaji.”

“Ba shi ya kawo ni ba. Duk garin nan kai kaɗai ne za ka gaya mini abin da ba na so in ji. Zo ka duba mini faifaina.”

“Ranka ya daɗe, ai ba na gani.”

Alhaji ya yi tsaki. “Na sani. Mota na waje, tashi mu tafi asibiti. Kuma kada ka gode mini, ba don kai na yi ba, don faifaina na yi.”

Nomau ya ce, “In ido ya buɗe, abin da na gani shi zan faɗa.”

“Shi nake tsoro. Sa takalminka.”

Aka yi aiki, Allah ya ba da sa'a, ido biyu suka buɗe. Da ya warke, ya zauna kwana uku a ɗakin Alhaji yana ware faifai, bugun farko dama, na baya hagu. Na hagu ya yi ta tashi har ya kai gwiwa, aka fara sabon tsibi. Alhaji na gefe yana fifita da hula. Da aka gama, na dama goma sha ɗaya ne.

Alhaji ya dubi sha ɗayan nan, ya dubi sauran, ya dubi Nomau da idonsa garau. Ya ce, “Da na sani, da ido ɗaya na sa aka gyara maka.”

Ku yi dariyarku, amma ku riƙe wannan. Gaskiya ba ita ce ka furta ta don ka wanke kanka ba. Gaskiya ita ce ka tsaya sai ta shiga kunnen ɗan'uwanka, ko da shigarta za ta raba ka da abin da kake matuƙar so. Addini ya ce mai sayarwa ya bayyana aibin kayansa. Bayyanawa aka ce, ba gunaguni ba.

Kai mai babur da ka wanke inji ka ce “duba da kanka”, alhali ka san inda yake yoyo. Kai mai hatsi da ka sa mai kyau a bakin buhu. Kai mai waya da ka faɗi matsalarta daidai lokacin da mota ke wucewa, don gobe ka ce ai na gaya maka. Da ku nake, kuma da kaina nake. Kada ku ce za ku yi gaskiya don a biya muku asibiti, wani zai yi ta ya mutu ba a biya masa komai ba a nan, ladansa na can inda ba ya ɓata. Nomau bai san ƙarshen labarinsa ba ranar da ya bar bijimin nan ya tafi.

Gobe kasuwa ce. In mai saye ya zo yana yabon kayanka fiye da yadda suke, kada ka ce Allah ne ya kawo maka wawa. Jarrabawa ce ta zo da kuɗi a hannu. Allah ya ba mu ikon cin ta, ya sa abin da za mu kai gida ya zama halal. Ku ce amin da ƙarfi, har da ku na bayan nan masu sunkuyar da kai.