Tunkiya Ɗaya, Malaman Sallau Uku

Ku matso, ku rage hayaniya, ga wata ta zo muku. Wannan kuwa ba a jin ta a tashi, sai an yanke hukunci.

A wani gari na bakin fadama, inda ake noman albasa da rani, akwai wani yaro Sallau, ɗan Malam Hashimu. Bai wuce shekara sha huɗu ba, amma duk mai sayar da kayan kwaɗayi a garin ya san shi da suna. Kuɗi ba sa kwana a aljihunsa. In an aike shi cefane, canji ya tsaya wajen mai fanke. In ya samu barka da sallah da safe, kafin la'asar yana ƙofar gidan kallon ƙwallo yana roƙo a bar shi ya shiga kyauta. Uban ya yi faɗa, ya yi nasiha, ya gaji.

Wanda ya fara sa hannu a kansa kawunsa ne, Iro mai shayi. Wata rana Sallau ya je teburinsa ya ce, "Kawu, a ba ni na burodi."

"Ga kofuna can, wanke su," in ji Iro.

"Ni fa ba aiki na zo nema ba."

"Ni ma ba sadaka na fito rabawa ba."

Yunwa ta sa ya wanke. Daga ranar, in an tashi makaranta sai ya je ya ɗebo ruwa, ya hura wuta, ya wanke kofuna, da yamma Iro ya sallame shi. Bai daina zuwa wajen mai fanke ba, amma kuɗin da ya sha hayaƙi kafin ya samu, in zai miƙa sai ya ji hannunsa yana ja da baya. Har ya koyi tsayawa jiran canji.

Ta biyu kakarsa ce, Iya Kande. Ta sayo asusun ƙasa wajen masu tukwane, ta kira shi ta ce, "Maigida, na ji ka fara samu. Tunda ni ce matarka, a ɗakina za ka riƙa ajiya."

"Ke tsohuwa, cinye min za ki yi."

"Da wane haƙorin?"

Ta kafa masa doka: duk abin da ya samo, rabi na asusu, rabi nasa ya yi yadda ya ga dama. Ta tura asusun can ƙarƙashin gadonta. Ranar da ya lallaɓa tana salla, yana ƙoƙarin zaro takarda da tsinken tsintsiya, tana sallamewa ta sauke masa kan mafici a ƙeya. Bai sake ba. Asusu ya yi ta nauyi.

Na uku taubashinsa ne, Gambo, ɗan gwaggonsa, wanda ba ya wuni bai yi wa wani tsiya ba. Ya ga Sallau yana tara rabon nan nasa don sayen takalmin sallah, sai ya ja shi gefe ya ce ya san wani mutum mai ninka kuɗi. Sallau ya gwada da kaɗan. Washegari Gambo ya dawo masa da ninki, daga aljihunsa ya cika. Sallau ya ga banza, ya kwaso kuɗin takalmin duka ya miƙa. Gambo ya ɓace. Da ƙyar aka gano shi a wajen mai tsire, baki duk mai.

"Ina kuɗina?"

"Suna ninkuwa," in ji Gambo, yana shafa ciki. "Kai, da aka ba ka ribar farko, ka tambayi abin da aka sayar aka samo ta?"

Sallau ya kai ƙara gida, aka ce wasan taubasai ne, ba a shiga. Da tsohon silifas ya yi sallar nan, yara suna yi masa dariya.

Ana nan sai ga wasu baƙi sun sauka a garin, suka kama shago, suka ɗaura lasifika, suka ce kawo kuɗinka, bayan wata ɗaya ka karɓi ninki. Waɗanda suka fara zubawa an biya su cif. Gari ya ruɗe. Malam Hashimu ya kai kuɗin da ya ware don aikin gona. Iro ya kai jarin shayinsa. Iya Kande ma ta kai na ƙuli-ƙulinta, ta dawo ta jawo asusun ta ce, "Maigida, fasa mu kai, kada a bar ka a baya."

Sallau ya rungume asusun ya ce, "Me suke sayarwa?"

Uban ya ce, "Ina ruwanka da abin da suke sayarwa? Ba ka ga an biya mutane ba?"

"Ni ma an biya ni na farko, Baba."

Aka zage shi, aka ce ya fiya taurin kai. Bai fasa asusun ba. Wata safiya aka tarar da shago a rufe, ba baƙi ba lasifika.

A makon nan injin ban-ruwan Malam Hashimu ya tsaya. Bakanike ya ce sai an sayo kaya daga birni. Albasa ta fara kwanciya, ita ce kuma abincin gidan na shekara. Ba wanda za a ranta a wajensa, don kowa abin ya ci shi. Sallau ya ɗauko asusun, ya buga shi da ƙasa a tsakar gida. Abin da ya zubo ya isa gyara, har da mai. Aka ba gona ruwa, albasa ta miƙe.

Da aka sayar da amfani, Malam Hashimu ya mayar wa ɗansa kuɗinsa. Sannan ya sayo tunkiya mai ciki, ya damƙa masa igiya ya ce, "Wannan tukwici ne. Kai wa wanda ya koya maka riƙon kuɗi." Tunkiya mai ciki kuwa ba a yanka ta balle a raba. Kafin ya fita ƙofa, su ukun sun ji labari sun iso.

Iro ya ce, "Da ban koya masa nema ba, iska za a zuba a asusun?"

Iya Kande ta ce, "Kai da ka samu mai wanke kofi da araha? Da ba ni ba, duk abin da ka ba shi yana wajen mai fanke."

Gambo ya ce, "Iya, ke ce fa kika ce a fasa a kai wa ɓarayi. Ku biyun ma kun kai naku. Darasina ne kaɗai ya yi aiki ranar."

"Darasi ko sata?" in ji Iro. "Ka mayar masa da kuɗin takalminsa?"

"Kuɗin makaranta ne, Kawu. Ba a mayarwa."

Sallau ya tsaya riƙe da igiya, yana duban wannan, yana duban wancan. Ɗaya ya koya masa nema, amma ya more shi. Ɗaya ta koya masa ajiya, amma ta so a kai wa mayaudara. Ɗaya ya buɗe masa ido, amma har yau ba wanda ya san ko koyarwa ya yi niyya ko tsire ya yi marmari.

To, ku da kuka ji, a ƙofar wa Sallau zai ɗaure tunkiyar nan?