Zaren da ke Wuyan Badamasi

Godiya ta tabbata ga Allah Mai raya matattu, tsira da aminci ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ni Abdulhafiz, mafi ƙanƙanta cikin waɗanda suka durƙusa a gaban Shaihinmu, malami masani, mai tsoron Allah a ɓoye da bayyane, kogin fiƙihu da tafsiri, wanda ya karantar a Illo shekara arba'in ba a taɓa jin ya ɗaga murya a kan ɗan Adam ba, Allah Ya ƙara masa yarda, zan faɗi abin da na gani da idona, ba wanda aka ba ni labari ba. Sunansa kuwa ba zan ambata ba, domin ya hana mu tun yana raye.

A wancan lokaci ni mutum ne mai zafin kai da kaifin harshe. Na haddace muhawarorin da ake turawa ta waya tsakanin malamai da fastoci, har nakan ji cewa in aka bar ni da kowane Kirista na ɗan lokaci zan bar shi ba bakin magana. Malam yakan dube ni ya ce, "Ƙaramin sani ƙuƙumi ne," ni kuwa in gyaɗa kai ina waigen wanda ake yi da shi.

Cikin masu zuwa karatun safe akwai Badamasi, matuƙin kwalekwale, wanda ke ƙetarar da mutane da buhunan albasa a kogin Kwara tsakanin wajenmu da ƙauyukan iyakar Benin. Sunansa na yanka Bulus. Ya musulunta a hannun Malam shekara takwas kafin abin da zan faɗa, ya auri wata baiwar Allah mai suna Zuhura, amma mahaifiyarsa Rifkatu tana can ƙauyensu a kan addininta, kuma bai taɓa yanke mata ƙafa ba, Malam ne ma ke tura shi. A daminar da ruwa ya cinye gonakin shinkafa ya tafi gaishe ta ranar Asabar, bai dawo ba. Ranar Talata da hantsi muna tsakiyar karatu sai Malam ya rufe littafi, ya yi istirja'i, ya ce a ɗauko likkafani. Muna kallon-kallo sai ga Yero, wani Basarke mai kamun kifi, ya tsaya da babur a ƙofar zaure ya ce ruwa ya fito da gawar Badamasi a tungarsu ta bakin kogi.

Al'adar Sarkawan wurin ita ce wanda ruwa ya ci ba a kai shi gari, a bakin ruwa ake rufe shi, kuma kafin rana ta faɗi. Don haka kowa can ya nufa. Mun tarar da mutanenmu tsaye gefe guda, mutanen ƙauyen su Badamasi gefe guda, sun zo da akwatin gawa a kwalekwale, shugabansu wani dattijo siriri, Fasto Ishaya. A tsakani Badamasi na kwance a kan rairayi ƙarƙashin giginya. Kwana uku a ruwa, amma bai kumbura ba, kifi bai taɓa shi ba. Tun asuba aka fito da shi, rana ta daɗe tana dukansa, amma ruwa bai daina zuba daga rigarsa ba, yana bin rairayi siriri yana komawa kogi. A wuyansa kuwa ga baƙin zare, da ɗan gicciye na itace kwance a ƙirjinsa.

Wannan ɗan itace shi ne ya raba jama'a. Limamin tungar ya ce shi ba zai sallaci wanda ya mutu da wannan a wuya ba. Mutanen ƙauyen suka ce ai ga shaida, ɗansu ya dawo gida kafin ya mutu, su za su rufe shi. Zuhura na durƙushe, muryarta ta dushe, ba abin da take maimaitawa sai, "Wallahi da alwala yat tahi, ku yi mai salla, kada ku bar shi haka."

Samarin ƙauyen shida suka sunkuya za su sa shi a akwati, suka yi, suka yi, ko motsi bai yi ba. Namu suka fara murmushin mugunta, sai mu takwas muka kama, har da ni, kuma na rantse da Wanda raina ke hannunSa, kamar mun kama gindin giginyar nan ne. Muka saki muka ja baya. Daga nan ne na lura da shirun. Kwaɗin da ke ta kuka a fadama sun yi tsit, tsuntsaye sun ɗauke, kogin da ke cike yana gudu amma ba a jin ƙararsa. Abu ɗaya kunne ke ji, zubar ruwan nan daga rigar mamaci. Tsoro ya kama ni, kuma irina in ya ji tsoro baki yake saki.

Na ce ai abin nan na wuyansa ne ya danne shi, na kira shi da sunan da ba zan maimaita ba, na haɗa da maganganu a kan masu girmama shi, mahaifiyar mamacin na zaune tana ji. Na zare wuƙar Yero daga ƙugunsa na miƙa hannu zan yanke zaren. Ban kai ga taɓa shi ba wani sanyi irin na ƙasan kogi ya shiga yatsuna ya hau har gwiwar hannu, wuƙar ta faɗi, hannun ya saki kamar ba nawa ba. Na ɗaga shi da na hagu, ya koma ya faɗi. Mutane suka dare.

Malam kuwa tun isowarmu wajen Fasto Ishaya ya fara zuwa, ya yi masa gaisuwar mutuwa kamar yadda ake yi wa mai gawa, ya zauna kusa da shi a kan rairayi. Sai yanzu Fasto ya ce, yana hawaye, "Malam, ni nay yi ma yaron ga baftisma da hannuna. Mu mun gaskata Almasihu ya mutu bisa gicciye dominai. In ya komo, ba ni iya barin shi."

Malam ya ce, "Na ji, Fasto, kuma ban raina hawayenka ba. Mu kuwa mun gaskata ba a kashe Annabi Isa ba, Allah Ya ɗauke shi zuwa gare Shi. Saɓanin ga ya girme ni, ya girme ka, gawa kuwa ba ta jiran a ƙare shi. Ranar kasuwa ka biyo ta gidana mu yi shi a inuwa. Yau tambaya guda ta: mi shi mamacin ya riƙe? In naku ne, da hannuna zan taya ku ɗauka."

Ya tashi a hankali, ya durƙusa a kan Badamasi, bai taɓa gicciyen ba, ya ɗan karkata kan mamacin, kan da mu takwas muka kasa motsawa, ya duba ƙeya. Ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "Ƙullin ga a ƙeya shike, kuma irin wanda uwaye ka yi wa jarirai ne. Namiji ba shi ƙulla ma kainai haka. Wanda yaɗ ɗaura, shi ka kwancewa." Ya koma ya zauna yana jan carbi.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a tsaye ba, inuwar giginya dai ta matsa. Can sai tsohuwa Rifkatu ta rarrafo, ta dafa ƙirjin ɗanta, ta ce, "Ni ce. Na ga ruwa ya cika, tsoro ya kama ni, nic ce ya duƙa in ɗaura mai. Yac ce, Inna, kin san ba hanyata ba ce, amma ba ni kwance shi gabanki. Kuma kafin ya shiga jirgi sai da yay yi sallarsu a tsakar gidana, ni na shimfiɗa mai tabarma." Ta fashe da kuka ta ce, "So na yi ya kwanta cikin nawa, shi ya sa na yi shiru."

Fasto Ishaya ya sunkuyar da kai, sa'an nan ya ce, "Kin faɗi gaskiya, Mama, Ubangiji na son ta ko da ɗaci." Ya ce wa samarinsa su mayar da akwati jirgi. Malam ya roƙe su kada su tafi, suka karɓi fartanya suka shiga haƙa tare da namu. Tsohuwa ta sa yatsunta ta kwance ƙullin, kuma a daidai lokacin da zaren ya bar wuyansa ruwan ya tsaya cak, kwaɗi suka ɓarke da kuka gaba ɗaya har wasu mata suka zabura. Mutum huɗu suka ɗaga shi ba nishi. Aka yi masa wanka, aka sa likkafani, liman ya roƙi Malam ya shige gaba, Kiristocin na tsaye can baya sun cire huluna, Zuhura kuwa ta kife fuska a ƙasa tana hamdala.

Ni kuwa ina gefe riƙe da mataccen hannu. Na ce, "Allah gafarta Malam, a yi mini addu'a." Ya ce, "Ba ni ka zaga ba." Kunya ta rufe ni, na je na durƙusa gaban tsohuwar na nemi gafara ina kuka. Ta dube ni, ta kama hannun ta murza kamar na ɗanta, ɗumi ya dawo. Ƙaramin yatsan ne kawai har yau ba na jin sa, kuma ban taɓa roƙon ya warke ba.

Da za ta shiga jirgi sai ta juyo ta tsaya gaban Malam, ta yi tambayar da na tabbata dukan muhawarorin da na haddace ba su da amsarta. Ta ce, "Malam, can lahira za ni gane shi?"

Malam ya dube ta, idanunsa sun cika. Sa'an nan ya ce, "Inna, ni da ke mun saɓa a kan hanya, ba ni ɓoye miki don in faranta miki rai. Amma hukunci ba hannuna shike ba, ba hannun Fasto ba. Abin da nas sani zan faɗa miki: shekara takwas ɗanki na salla bayana, bai taɓa ɗaga hannu ba face na ji sunanki a bakinai." Tsohuwar ta rufe fuska da gyalenta, ta ce, "To, ku ci gaba daga inda ya tsaya." Malam ya ce, "Na ɗauka." Kuma har ya koma ga Ubangijinsa ba mu taɓa rufe karatu ba tare da ya roƙa wa Rifkatu alheri da shiriya ba.

Wannan kaɗan ne daga abin da Allah Ya gudanar a hannun bawanSa mai haƙuri, wanda bai taɓa sayar da gaskiya ba kuma bai taɓa jifan kowa da ita ba. Ya Allah Ka haskaka makwancinsa, Ka ɗaukaka darajarsa cikin salihai, Ka jiƙan Badamasi, Ka ba mu albarkacin malamanmu, Ka kama harsunanmu kafin su kama mu. Amin.