Jafaru Tela da Tuwon Awo

Akwai wani tela a Gwaram mai suna Jafaru. Daga safe har magariba yana kan keken ɗinki, lemon kwalba a gefe, ƙosai da soyayyar doya ba sa yankewa. Jiki ya buɗe, har ta kai daga shago zuwa masallaci sai ya tsaya ya yi haki.

Wata rana jiri ya kayar da shi. A asibiti a Birnin Kudu likita ta ce ciwon suga na bakin ƙofa. Ta hana shi zama da yunwa, ta hana shi shayin rage ƙiba na 'yan talla. Ta koya masa lissafin kalori, wato ya san ƙarfin da kowane abinci ke ba jiki, ya riƙa cin ƙasa kaɗan da abin da jikin ke ƙonawa.

"A hankali ƙibar ta taru, a hankali za ta tafi," in ji ta.

Matarsa Sa'adiyya ta koma auna masa tuwo, ta rage mai, ta yawaita zogale da rama. Shi kuma duk abin da zai kai baki sai ya duba a waya.

A majalisa, abokinsa Ɗanbala ya samu abin yi.

"Jama'a, ku zo ku ga mai cin tuwo da kalkuleta!"

"Ku yi ta dariya," in ji Jafaru. "Cikina ne, ba na majalisa ba."

An ɗauki watanni kafin a ga alama. Da riguna suka fara yi masa yawa, sai magana ta canza. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce matar ce ke hora shi da yunwa. Zancen ya kai ƙauyensu Surko, har kunnen mahaifiyarsa Dada. Ta aika ya zo.

Ta dire masa kwano cike da tuwo, man shanu na yawo a kan miya.

"An ce matarka ta mallake ka, har loma take ƙirga maka. In ni na haife ka, ka cinye."

Jafaru ya durƙusa, ya ci malmala ɗaya, ya rufe kwanon.

"Dada, duk abin da kika ce zan yi, ban da wannan. Ni na sa Sa'adiyya, kada a ɗora mata laifi. So nake in ga auren 'ya'yana."

Dada ta juya masa baya. Daga ranar ta daina amsa gaisuwarsa. Abin ya ci masa rai ƙwarai, amma bai fasa zuwa gaishe ta ba, bai kuma ƙara ko loma ba.

Da damina ta yi nisa, ya je Surko ya tarar zazzaɓi ya kwantar da ita, ko tsayuwa ba ta iyawa. Ruwa ya cinye hanya, babur ba ya shigowa, maza duk suna gona. Jafaru ya naɗe wando, ya goya ta, ya ratsa taɓo da ita. Bai sauke ta ba sai a bakin titi, inda ya tsayar da mota.

Yana gyara mata zama a kujera, ta riƙe hannunsa, ta dube shi sosai.

"Ashe ba ramewa ka yi ba, kaya ka sauke," ta ce da dasasshiyar murya. "Ka gaya wa Sa'adiyya, Allah ya yi mata albarka."

Darasi: Lafiyarka amana ce a hannunka, ba a hannun masu surutu ba. Ka nemi shawarar likita, ka rage a hankali, ka tsaya kan gaskiyarka cikin ladabi ko da wanda kake ƙauna bai gane ba tukuna. Ku tura wa wanda ake yi wa dariya don yana kula da cikinsa.